Birnin Jikin Bango

Akwai wani birni da gulbi ya haɗiye, amma birnin ya ƙi mutuwa, ya koma jikin bangon wani zaure ya ci gaba da cin kasuwarsa. Sunansa Gaɓa Biyu, don gulbi ya ratsa shi ta tsakiya, rabi nan rabi can. Shekarar da ruwa ya taso ya shafe shi, waɗanda ke da sauran kwana suka hau tudu suka kafa gari, suka sa masa suna Tudun Tsira. Cikinsu akwai wani magini, gwanin zane, wanda kewar gida ta hana shi sakat. Ya gina zaure mai faɗi, ya yaɓe shi sumul, ya ɗauki gashin kaza da ƙoƙunan launi, ya mayar da birnin nan kaf a jikin bango. Ga benaye masu zankwaye suna leƙen ruwa, ga matakalai suna gangarawa mashaya, ga jiragen fito da marina da rumfunan masu banda, ga mata suna wanki, har da akuyar wani mutum da ta saba kwanciya bakin masallaci. Malamai sun ɗan yi gunaguni kan zanen mutane, amma liman da kansa, in ya yi baƙi, nan yake kawo su ya nuna musu soron kakansa.

Wuri ɗaya kawai maginin ya bari. Can ƙasa kusa da daɓe, a jikin ganuwar birnin, akwai wata 'yar ƙofa da ba ta fi tafin hannu ba. Bai ɗiga mata launi ba, ya bar ta ƙasa tsurarta. Ya kuma bar wasiyya ga zuriyarsa, cewa duk mai gyaran zanen ya taɓa ko'ina, ban da nan. Bai faɗi dalili ba, mutanen wancan zamani ba su cika faɗin dalili ba.

Gyaran zanen ya gangaro har ya faɗo hannun jikansa Arzika. Gwani ne, ba mai musun wannan, sai dai yana da ciwo guda: ba ya iya ganin abu a karkace ko ba a gama ba. Ko a sahun salla ya hango hular wani ta zame gefe, sai ya ji yatsunsa suna ƙaiƙayi har a yi sallama. Ƙofar nan kuwa ta daɗe tana tsone masa ido.

Mahaifiyarsa, Inna Tumba, tana cikin 'yan tsirarun da suka rage waɗanda suka sha ruwan Gaɓa Biyu. Ciwon ido ya tafi da ganinta tun Arzika yana goye, don haka da hannu ta san shi, da murya. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "ɗan nan". Kullum in an yi azahar takan kama gefen rigarsa ta ce, "Ja ni, ɗan nan," ya kai ta zaure. Ta zauna ta jingina bayanta daidai 'yar ƙofar nan, gyangyaɗi ya ɗauke ta. In ta farka sai a ga ƙafafunta a jiƙe, zanenta yana ƙanshin hayaƙin banda, ta hau ba da labarin wanda ya aurar da 'ya da wanda jirginsa ya huje. Mutane su ce tsufa ne. Arzika ma haka yake cewa, ko da yake bai taɓa gane inda ruwan ƙafar ke fitowa ba, a garin da sai an yi tafiya kafin a sami rijiya.

Ana nan sai wasu baƙi masu ɗaukar hoto suka zo daga nesa. Suka zagaya zauren suna yabo, Arzika yana ta washe baki. Da za su fita ɗayansu ya nuna ƙasa ya ce, "Nan ne launi ya ƙare muku?" Suka yi dariya. Shi kuwa maganar ta tsaya masa a wuya kamar ƙayar kifi.

Washegari da azahar Inna Tumba ta jingina ta yi barci. Barci ya karkatar da ita gefe, ƙofar ta fito fili. Arzika yana bisa tsani yana gyaran wani zanko, ya duba ƙasa, ya kau da kai, ya sake dubawa. Sai ya sauko. Ya durƙusa ya zana wa ƙofar nan ƙyaure wanda ba a taɓa ganin mai kyansa ba, da ƙusoshin ƙarfe a jere, da dagi a tsakiya, ya zana kwaɗo ƙato ya datse ta. Ya ja da baya yana kallo, ransa fari ƙal. Garin neman gira ke nan.

Ya ce, "Inna, tashi a koma ciki."

Ba ta tashi ba. Ya girgiza ta, ya kira, ya yayyafa mata ruwa. Tana numfashi, amma sama-sama. Ya taɓa ƙafafunta ya ji su a bushe, sun yi sanyi ƙalau. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Ya zaro wuƙa ya hau kankare ƙyauren, wuƙar ta lanƙwashe, launin ko gezau.

Ihunsa ya kawo Baba Nomau, wanda shi ne Sarkin Ruwa na garin, ko da yake ruwan da yake mulki yanzu bai wuce na randarsa ba. Tsohon ya dubi tsohuwa, ya dubi bango, ya dafe kai.

Ya ce, "Kai, Arzika! Ka kulle uwarka a ciki."

"Baba, a cikin me?"

"Kana ganin ƙafafunta a jiƙe kullum, ba ka taɓa tambaya ba? Ta nan take shiga, ta nan take fitowa. Ga sanyi nan ya kama sawunta yana hawa. In ya kai ƙirji, sai dai mu kira masu wanka."

Arzika ya faɗi gaban tsohon ya riƙe ƙafarsa. "Baba, don Allah, yaya zan yi?"

Baba Nomau ya ce, "Ƙofar da aka rufe da launi ba a buɗe ta daga waje. Sai ka shiga ta inda mu muke shiga garin a da, ta ruwa." Ya nuna can ƙuryar bango, inda gulbi ya fara, wani jirgin fito mai mutum ɗaya a ciki. "Zana kanka a nan. Amma ka sani, kakanka bai taɓa zana mai rai ba, sai waɗanda ruwa ya ci. Wanda ya shiga da ransa ba ya fitowa cikakke. Ka tafi da launukanka, can sun fi zinariya."

Arzika bai tsaya shawara ba. Ya rataya ƙoƙunansa, na shuni, na baƙin gawayi, na jar ƙasa da na farar ƙasa, ya yi bisimilla, ya zana kansa zaune a gaban jirgi. Yana ɗiga idon ƙarshe sai ya ji daɓen zauren ya yi taushi yana lilo da shi, warin laka da kifi ya daki hancinsa.

Ya buɗe ido ya gan shi tsakiyar gulbi. Rana tana tsaye a hantsi, inda kakansa ya ajiye ta. Hagu da dama benaye ne ja da fari, sun sunkuyo suna kallon kansu a ruwa, tagoginsu a buɗe, shanya a kan soraye ba ta ko motsi. Ruwan ma a tsaye yake, igiyoyinsa sun daskare a jere kamar kunyoyin gona. Wani kifi ya yi tsalle ya maƙale a sama, ɗigon ruwa na rataye a wutsiyarsa. Shiru ko'ina, shiru mai daɗi, har mutum ya ji yana son ya kwanta ya manta da abin da ya kawo shi.

Wata murya ta ce daga bayansa, "Lale da mai nauyi. Jirgina bai taɓa nutsa haka ba."

Ya waiwaya. Ɗan fito ne, dogo, riƙe da sandar tuƙi. Ido ɗaya gare shi, kunne ɗaya, domin ta gefe aka zana shi. Da ya juyo gaba da gaba sai ya zama siriri kamar faifai.

Arzika ya yi sallama ya ce, "Ya kai ma'abocin jirgi, uwata nake nema. Kai ni ƙofar ganuwa."

Ɗan fito ya ce, "Ya kai ɗan Adam, tun da aka rufe ƙofar iska ta ɗauke, gulbi ya tsaya. Da me zan tuƙa ka? Kuma ba na fito kyauta."

Arzika ya tsoma gashin kaza a shuni ya ɗiga a ruwa. Inda ɗigon ya faɗa sai ruwan ya farka ya yi dariya, ya buɗe hanya daidai faɗin jirgi. Sa'an nan ya ce, "Faɗi ladanka."

"Tun da aka yi ni gaɓa ɗaya nake gani. Ana ce wa garinmu Gaɓa Biyu, ni jin labari nake yi."

Arzika ya juya fuskar ɗan fito, ya tarar da ɗaya gefen fili fetal. Ya ɗebi baƙi ya zana masa ido, da gira, har da gashin ido, don ko cikin gaggawa ba ya iya aikin ha'inci. Idon ya ƙifta. Ɗan fito ya ga gaɓar yamma, ya ga wani ɗan gida mai bishiyar lemo a ƙofa, ya tsaya da tuƙi.

Ya ce a hankali, "Gidanmu ne. Kullum ina wuce shi ashe." Sabon idon ne ya fara zubar da hawaye.

Suka yi ta tafiya, Arzika na ɗiga shuni, ruwa na buɗewa. Suka wuce ƙarƙashin wani baƙin gajimare da ba ya gusawa, ya gane hayaƙin fitilar zaure ne da ya taru a bango. Suka wuce wata hasumiyar laka da ta tsiro bisa masallaci tana gunji, ya gane gidan zanzaro ne. Wata dabba mai tsawon unguwa guda ta ratsa sama tana taka rufin gidaje, cikinta fari, mutane a tagogi suka sunkuyar da kai. Ɗan fito ya ce ita ce Macijiyar Sama. Arzika ya san tsaka ce, amma a nan ba ta yi kama da abin rainawa ba. Shuni ya ƙare daidai lokacin da jirgi ya doki matakalar kasuwa.

Kasuwar cike take, amma ba ka jin ko tari. Nan ne gefen da rana ke duka ta ƙofar zaure, launi ya koɗe, mutane sun yi fari-fari kamar tsohon zane. Bakunansu duk sun goge. Arzika ya tambayi hanya, suka yi ta nuni, wannan gabas wancan yamma. Sai ya tsaya gaban wata mai sayar da banda, ya zana mata baki.

Bakin bai gama bushewa ba ta ce, "Sai yau? Kai ne jikan maginin? Shekara nawa kana lallaɓa zankwayen masu kuɗi, mu nan ko oho! Dubi tarwaɗata, wa zai saya ba a yi ciniki ba?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri, Iya. Ina hanyar ƙofar ganuwa?"

"Ba na faɗa sai ka yi wa maƙwabciyata. Akwai maganar da na daɗe ina son ta ba ni amsa."

Ya yi wa maƙwabciya, maƙwabciya ta ce sai mijinta. Haka ya bi rumfa rumfa yana raba bakuna, zuciyarsa na can wajen sanyin da ke hawa jikin tsohuwa, har ƙoƙon baƙi ya koma fes. Kasuwa ta kaure da hayaniya, ana ciniki, ana gaisuwar da aka daɗe ba a yi ba. Mai banda ta ja hannunsa ta ce, "Bi ta marina, ka miƙe. Amma akwai Tsaga a gabanka, Allah ya fisshe ka."

Tsagar kuwa rami ne da ya raba unguwar marina biyu, ba a ganin ƙasansa, iska mai ɗumi na fitowa daga ciki. Arzika ya gane ta. Ita ce 'yar tsagar da yoyon damina ya yi, wadda ya yi ta cewa gobe zai toshe. Ya durƙusa ya ja layi da jar ƙasa daga wannan baki zuwa wancan, ya ɗora masa bakan gizo irin na soro, gada ta tsaya. Yana tsakiyarta sai ramin ya fara motsi. Runduna ce ta gara, kowace ɗaya ta kai ɗan maraƙi, suka hau gadar gaba da baya. Babbansu mai jan kai ya tako ya tsaya.

Ya ce, "Ya kai magini ɗan magina, mu ne magadan kowane gini. Ku ku ɗora, mu mu sauke. Kai ka buɗe mana wannan ƙofa da sakacinka, mun gode. Yanzu koma, ko mu fara da gadar da kake kai."

Arzika ya ce, "Ya shugaban masu rushewa, gadonku yana nan, ba mai hana ku. Amma mai gidan bai mutu ba tukuna, ba a rabon gado da rai."

"Wa zai hana mu?"

Arzika ya dubi abin da ya rage masa: farar ƙasa, da gashin kaza a hannu. Sai dabara ta faɗo masa. Ya juye farar ƙasar kaf a kan gada, ya zana ciki, ya zana wuya, ya zana baki da ƙafafu, ya soka gashin a wutsiya. Farar kaza ta miƙe, ta fi rumbu girma, ta karkata kai ta dubi rundunar nan da ido ɗaya kamar yadda kaji ke yi. Ba a sake jin jawabin shugaba ba. Arzika ya tsallake da gudu, ya bar ta tana kalaci, ga shi ba launi ba abin zane.

Bayan marina hanya ta gangara wata mashaya mai inuwar ɗorawa, dab da ganuwa. A kan matakala wata mace tana zaune, ƙafafunta cikin ruwa, tana kallon hasken da ke wasa a jikin benaye. Ba ta wuce shekarun amarya ba, idanunta manya, farare tas. Ta dube shi kallon baƙo, ta ja mayafi.

Ta ce, "Malam, wa kake nema?"

Da muryar ya gane ta. Ya ce, "Inna."

Sai ta rufe idanunta, ta miƙo hannu biyu. Ya durƙusa, ta shafa goshinsa, ta bi hancinsa, ta taɓa tabon da ke haɓarsa na faɗowa daga tsani. Sa'an nan ta buɗe ido a hankali. Ta daɗe tana kallo, ta manta da duk wata kunyar ɗan fari.

Ta ce, "Ashe haka kake. Ashe har ka yi furfura ban sani ba, hannu ba ya jin furfura. Yi magana in gani." Ya buɗe baki zai yi magana, ta yi dariya hawaye na zuba. "Wushirya! Irin ta ubanka. Duk garin nan an rasa mai gaya mini."

Arzika ya fashe da kuka, gandamemen mutum da gemunsa. Ya ce, "Inna, ni na rufe ƙofar. Jikinki yana can yana sanyi. Tashi mu tafi."

Suka isa ƙofar. Ga ta nan yadda ya zana ta, ta fi kowace ƙofa a birnin kyau, ƙusoshi na ƙyalli, kwaɗo ya kai girman turmi. Ya lalubi mabuɗi, sai ya tuna bai zana ba. Ya doki ƙyauren da kafaɗa har ya faɗi.

Nan ruwan mashaya ya kumbura ya miƙe tsaye, ya zama mace doguwa, gashinta na zuba har ƙasa, ƙananan kifaye na iyo a cikin zanenta. Inna Tumba ta durƙusa ta ce, "Ranki ya daɗe, Uwar Gulbi."

Uwar Gulbi ta ce, "Ya kai mai gyaran abin da bai lalace ba, ka san abin da ka toshe? Ni na ci birnin nan, kakanka ya roƙe ni kurwarsa, na ba shi bisa sharaɗi guda: ya bar wuri ɗaya ƙasa tsura, inda masu kewa za su riƙa shigowa. Numfashinsu shi ne iskarmu. Sai kai ka zo, ka fi kowa ido."

Arzika ya sa goshi a ƙasa ya ce, "Na yi kuskure, ya shugabar ruwaye. Ba ni da launi, ba ni da mabuɗi. Abin da duk kika ce, na ji."

"Ruwana yana wanke kowane launi. Amma birnina ya tsage, ya koɗe, kana waje kana gobe-gobe. Ina son magini a ciki. Ka bar mini inuwarka ta shiga surar da ka zana a jirgi, ta zauna tana gyara. Gwanintar hannunka kuwa tare da inuwar take. In ka fita, ko layi ɗaya ba za ka sake ja ya miƙe ba."

Inna Tumba ta tashi tsaye ta shiga tsakaninsu. Ta ce, "A'a, ɗan nan. Kada ka sayar da hannunka don tsohuwar da ta ci zamaninta. Me zan koma in tarar? Duhu da ciwon gwiwa. Nan ina gani. Ka ba da inuwa in dole ne don ka fita, amma in don ni ne, bar ni."

Ya dube ta, ga ƙuruciya, ga ido, ga garinsu. Ya san gaskiya ta faɗa, abin ya soke shi har zuci. Ya ce, "Inna, in kin zaɓi zama, ba zan ja ki dole ba. Amma ba zan yarda a ce kwaɗona ne ya zaɓa miki ba. Zan buɗe, ke ki duba." Ya juya ga Uwar Gulbi. "Ɗauki."

Ta sunkuya ta kama inuwarsa ta wajen dugadugai, ta ɓare ta daga ƙasa kamar ana ɓare fatar rago, ta naɗe. Arzika ya ji wani sanyi ya bi hannunsa na dama ya fita ta yatsu. Sa'an nan ta watsa gashinta a kan ƙofar. Ƙusoshi suka narke, dagi ya zube, kwaɗo ya bi ruwa ja da baƙi, har ƙasa tsura ta bayyana, ta buɗe. Iska ta shigo. Shanya ta kaɗa a kan soraye, gulbi ya yi ajiyar zuciya ya kama gudu, can nesa kifin nan da ya maƙale ya faɗa ruwa tsulum.

Bayan ƙofar ba a ganin komai sai duhu. Inna Tumba ta tsaya a bakinta. Ta waiwaya ta dubi benaye, da jirage, da ɗorawar mashaya. Arzika ya sunkuyar da kai, ba ya son ta ga roƙo a fuskarsa.

Ta ce, "Ɗago. Tsaya haka, kada ka motsa, in cika idona."

Ya ɗago. Ta kalle shi tun daga hula har gemu, ba ta gaggawa, kamar mai ɗibar ruwan da za ta yi doguwar tafiya da shi.

Ta ce, "Arzika."

Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba sai ran nan. Kafin ya amsa ta rufe idanunta da kanta, ta lalubo gefen rigarsa ta riƙe.

"Ja ni, ɗan nan."

Baba Nomau ya ce sanyin ya riga ya wuce cibiya lokacin da ya ga ruwa yana tsattsafowa daga tafin ƙafarta. Tsohuwa ta yi atishawa, ta tashi zaune, ta ce wa ya bar ta kwance a ƙasa kamar buhu. Arzika kuwa sai ga shi yashe a gefenta, rigarsa sharkaf. Da suka fito tsakar gida su uku rana ta haske su, inuwa biyu ce a ƙasa, ta tsoho da ta tsohuwa.

Bai sake zane ba. Ya gwada sau ɗaya, layin ya tafi kamar sawun tsutsa, ya ajiye. Ya koma kwaɓa ƙasa yana miƙa wa magina tubali, in rana ta yi zafi ya fi kowa shan wuya. Wani lokaci yakan zauna ya yi ta kallon hannunsa, ba ya ɓoye cewa abin yana masa ciwo. Hular mutane kuwa ta huta, ko ta juya baya ba ruwansa. Amma zanen zaure bai sake koɗewa ba. Tsagar nan ta haɗe da kanta, bakunan 'yan kasuwa suka fito raɗau, kuma in ka duba da kyau za ka ga wani ɗan mutum mai wushirya bisa tsani, yau a marina, gobe a masallaci, wata farar kaza na bin sa.

Kullum da azahar yakan ja ta zuwa zaure, ta jingina da ƙasar nan tsura, shi ya zauna gefenta yana mata fifita. Kafin gyangyaɗi ya ɗauke ta takan juyo da makafin idanunta wajensa ta ce, "To, zan je in gano ka. Akwai saƙo?"

Shi kuma ya ce, "Ki gaishe shi, Inna. Ki ce masa ya taɓa ko'ina, ban da ƙofar."